Mako takwas a cibiyar binciken sararin samaniya: yadda inuwar girgije ta kusa zama ramin galamse

'Yar ƙanwata ta zauna a gidana da ke unguwar Nima a Accra, babban birnin Ghana, tsawon mako takwas a dogon hutun 2019, daga tsakiyar watan Yuni har zuwa babbar Sallah. Ɗaliba ce a fannin injiniyancin jiragen sama da kumbo a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi. Ta gama shekara ta uku, lokaci ya yi da za ta fita horon sanin makamar aiki, abin da yaran suke kira atachimen, sai Allah ya ba ta gurbi a wata cibiyar binciken sararin samaniya da ke gefen Accra. Ni malamin sakandare ne, labarin ƙasa nake koyarwa, saboda haka abin da take yi bai yi mini nisa ba, na kuma bi shi sau da ƙafa.

Da izininta na rubuta wannan, saboda iyayen Zango da 'ya'yansu za su fita irin wannan horo, da su yaran kansu. Ba zan ambaci sunanta ba, ko na cibiyar, ko na wanda ya kula da aikinta. Dokta take ce masa, ni ma haka zan kira shi. Abin da na dogara da shi shi ne hirar da muke yi a tsakar gida bayan sallar isha'i, da wani littafin rubutu mai baƙin bango da ta cika da hannunta.

Abin da ta zo da shi a rai

Daga unguwar Aboabo ta Kumasi ta taso, tafiyar kusan kilomita 250, da akwati ɗaya da tsohuwar kwamfutar hannu. A ranta kumbo za ta je ta taɓa. Ba a banza ta yi wannan zato ba. Tana ƙarshen shekararta ta farko a jami'a aka harba GhanaSat-1, tauraron ɗan adam na farko na ƙasar nan, ranar 3 ga Yunin 2017 daga Amurka a kan rokar Falcon 9, aka sake shi daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ranar 7 ga Yuli. Injiniyoyin Jami'ar All Nations ta Koforidua ne suka haɗa shi a Japan tare da Cibiyar Fasaha ta Kyushu, a shirin da Najeriya da Mongoliya da Bangaladash su ma suka samu nasu. Ɗan akwati ne mai santimita 10 ta kowane gefe, nauyinsa wajen kilo ɗaya, amma a idon yaran da ke karatun wannan fanni ya fi gida girma. A watan Mayun 2019, makonni kaɗan kafin zuwanta, ya gama kwanansa ya ƙone a cikin iskar duniya.

Ranar farko ta dawo jikinta a sanyaye. Ta gaishe ni, ta zauna a bakin tabarma, ta ce, "Kawu, taswira aka ba ni." Babu injin jirgi, babu ɗakin gwajin iska, babu ko ƙusa ɗaya da za ta ɗaure. Tebur aka nuna mata da kujera, da tarin takardun da za ta karanta.

Na ce mata ta yi haƙuri ta ga yadda mako biyu zai kasance. A ƙasashe irin namu mafi yawan aikin sararin samaniya kallon ƙasa ne daga sama: gonaki, dazuzzuka, bakin teku da ruwa ke ci, ambaliya, yanayi. Wanda ya ƙera tauraron yana da nasa aiki, amma hotunan da tauraron yake zubowa kullum suna jiran wanda zai karanta su, kuma masu karantawar ba su da yawa.

Yadda yini yake tafiya

Kafin kiran asalatu take tashi. Ta yi salla, ta sha koko da ƙosai da ake sayarwa a bakin lungunmu, ƙarfe shida tana bakin titi. Tirotiro biyu take shiga, wato ƙananan motocin haya, ɗaya zuwa tashar 37, ɗaya daga nan ya yi arewa da ita. Idan ta makara da kwata guda, cunkoson safe ya riga ya kulle hanya. Lokacin kuwa damina ce, kuma duk wanda ya san Accra a watan Yuni ya san abin da ruwan awa ɗaya yake yi wa kwatoci da tituna. Kwamfutar a cikin leda biyu take naɗe ta kafin ta sa a jaka, domin ita ce jarinta.

Matata tana zuba mata wake da shinkafa a kula, wani lokaci tuwon zafi da ya kwana. Akwai 'yar buta a jakarta. A makon farko ta sha wahalar neman inda za ta yi azahar, har wata mata mai shara, mutuniyar arewa, ta ja ta wani ɗan ɗaki da ake ajiye tsofaffin na'urori, ta nuna mata tabarmar da ita ma take salla a kai. Tun daga ranar suka ƙulla. Sauran 'yan horon daga jami'o'i daban-daban suke, aiki da Turanci, hira da yaren Tuwi, sai in ta haɗu da matar nan ne Hausa take fita.

A gida ma sai da aka yi gyara. Takan iso bayan magariba a gajiye, ga karatun da za ta yi. Matata ce ta fara cewa a ɗauke mata girkin dare da wanke-wanke har ta gama. Hajiya, mahaifiyata, wadda kishiya take kiranta irin na wasan kaka da jika, ta ɗan ja da maganar, tana ganin 'ya mace ba ta zama a gida hannu rabbana. Da ta ga yarinyar tana gyangyaɗi a kan kwamfuta sau biyu, da kanta ta ce a ƙyale ta. Kuɗin mota kuwa ni da ubanta muka raba. Na faɗi wannan ne don kada wani uba ya ɗauka samun gurbin shi ke nan. Mota huɗu a rana har mako takwas, da katin intanet, da abinci, nauyi ne da ya kamata a yi lissafinsa tun kafin yaro ya baro gida.

Mako biyun farko sun tafi a karatu da koyon manhajoji: QGIS ta zana taswira, da yaren kwamfuta na Python wanda ta ɗan taɓa a makaranta. Sauke hoto ɗaya kan ci mata rabin yini idan intanet ta yi nauyi, in kuma wuta ta ɗauke a tsakiya a koma farko. A nan ne ta fara rubuta littafin nan. Dokta ne ya ce wa dukkansu kowa ya sayi littafi, ya riƙa rubuta kwanan wata, da hoton da ya sauke, da duk abin da ya danna, da dalilin danna shi. Wasu sun yi kwana uku suka watsar. Ita ta riƙe, rabi da Turanci, gefe-gefe kuma tana yi wa kanta magana da Hausa.

Aikin da aka ba ta

An ce ta auna yadda ramukan haƙar zinare ta bayan fage, wato galamse, suka ƙaru ko suka ragu a wani yanki na kogin Offin, kusa da Dunkwa. Tambayar tana da muhimmanci a lokacin. Gwamnati ta dakatar da ƙananan masu haƙar ma'adinai a 2017, ta tura sojoji da 'yan sanda a shirin Operation Vanguard, sannan ta ɗage dakatarwar a watan Disambar 2018. Kowa yana son ya san abin da ya faru a ƙasa. Ita kuma kogin ba baƙonta ba ne, domin madatsar Barekese da ke ba Kumasi mafi yawan ruwan famfo a kan Offin take, can sama kafin kogin ya gangaro ya haɗe da Pra.

Hotunan na Sentinel-2 ne, tagwayen taurarin Turai da aka harba a 2015 da 2017, kuma kyauta ake bayar da su ga kowa. Suna shawagi a nisan kilomita 786, suna komawa kan wuri ɗaya duk kwana biyar, da misalin ƙarfe goma da rabi na hantsi. Kowane ɗigo a mafi kaifin hotunan fili ne mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, wato ɗigo 100 shi ne hekta ɗaya. Tauraron ba launukan da idonmu ke gani kaɗai yake ɗauka ba. Kashi 13 yake raba haske, har da infirared, hasken da ke bayan ja wanda ido ba ya kamawa.

Dabarar gano ruwa a nan take. Ganyen tsiro yana mayar da infirared sosai, shi ya sa daji da gonar koko suke fitowa da haske a wannan ɓangare. Ruwa kuwa shanye shi yake yi, sai ya fito baƙi. Idan aka ɗauki hasken kore da na infirared na kowane ɗigo, aka cire wannan daga wancan, aka raba da jimillarsu, za a samu lamba tsakanin -1 da 1. Inda lambar ta yi sama, ana zaton ruwa ne. Masu galamse kuma duk inda suka yi haƙa sukan bar rami, ramin ya cika da ruwa. Ƙirga ɗigon ruwa da ke wajen kogi, ka samu kimanin faɗin ɓarnar. A takarda abin ba wuya.

Ta ɗauki hoton watan Janairun 2018, wanda ya fito tas saboda rani ne, a matsayin mafari. An ce ta gwada shi da hoto mafi sabunta, sai ta shiga neman na Yulin 2019. Kudancin Ghana a wannan lokaci sama a rufe take kusan kullum. Ta duba hoto bayan hoto, duk fari fat, har ta samu ɗaya da gizagizai suka warwatsu a cikinsa kamar an yayyafa auduga, ana ganin ƙasa a tsakaninsu. A lokacin kowane hoto yana zuwa da wani shafi da ke nuna inda girgije yake, ana kiransa QA60. Ta yi amfani da shi ta yanke gizagizan, ta yi lissafinta a kan abin da ya rage.

Sakamakon ya girgiza ta. Wuraren ruwa sun kusa ninka na da, har da tabo-tabo masu yawa nesa da kogi, a tsakiyar gonaki. Ranar Litinin ta mako na biyar ta aika wa Dokta lambar da taswirar. Ya yaba, ya ce ta shirya ta gabatar ranar Juma'a a gaban sauran ma'aikata, ya kuma ce mai yiwuwa lambar ta shiga wani rahoto da suke haɗawa. Ranar ta shigo gida da fara'a, ta sayo wa Hajiya goro.

Daren Laraba

Muna zaune a tsakar gida, kwamfutar a kan kujera 'yar tsugunno, tana shirya abin da za ta nuna. Ta ce tana son ta sa hoton wurin da launinsa na ainihi a gefen taswirar, don mutane su ga yadda abin yake. Ta buɗe, ta jera su biyu. Na ga ta yi shiru. Ta ƙara girman wani wuri, ta koma wani, ta sake komawa wani. Sai ta ce, "Kawu, zo ka gani."

Na sa tabarau na duƙa. A taswirarta akwai wani shuɗin tabo mai kama da tafin hannu. A hoton ainihi, daidai wurin baƙi ne, kuma can sama da shi ta hannun dama ga wani farin girgije mai siffar tafin hannun nan sak. Ta matsa gaba: tabo dogo siriri, ga girgije dogo siriri a gefensa, ta wannan kusurwa, da wannan tazara. Na uku haka, na huɗu haka. A watan Yuli da hantsi rana tana arewa maso gabas da mu, saboda haka inuwar kowane girgije kudu maso yamma take faɗawa. Wurin da inuwa ta rufe ba ya mayar da infirared sosai, sai lissafin ya ɗauke shi ruwa. Shafin QA60 girgije yake nunawa, ba ya nuna inuwarsa. Ta yanke gizagizan, ta bar inuwoyinsu, ta ƙirga su a matsayin ramuka.

Ta janyo littafin tana buɗewa da sauri har ta kai ranar da ta yi aikin. Komai yana nan: lambar hoton, ranar da aka ɗauke shi, iyakar da ta sa wa lissafin, da layin da ta rubuta cewa ta cire girgije. A gefen layin, da ƙananan baƙaƙe, ta rubuta da Hausa: "inuwa fa?" Ta yi wa kanta tambayar tun ranar, lokacin tashi ya yi, washegari ta ci gaba ba ta koma kanta ba.

Idonta ya ciko. Ta ce, "Dokta ya riga ya yaba. In na yi shiru babu wanda zai buɗe wannan hoton."

Ban ga laifinta da tunanin ya zo mata ba. Yarinya ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ita kaɗai mai hijabi a cikin 'yan horon, tana jin kamar duk Zango ne a kanta, kuma takardar shaidar da Dokta zai rubuta tana iya buɗe mata ƙofa ko ta rufe. Na ce mata, "'Yata, wuraren nan da kika shafa wa shuɗi gonakin mutane ne." Na yi koyarwa a yankin koko shekarun baya, na san su waye a cikin irin waɗannan gonaki. Da yawa mutanen arewa ne masu kula da gona a tsarin abusa, inda mai kula yake ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfani. A lokacin da ake tura jami'an tsaro farautar masu galamse, taswirar da ta ce akwai rami a inda babu ba ƙaramin abu ba ce. Ko da ba ta kai ga haka ba, lambar da ta shiga rahoto takan yi ƙafa, wani ya kwafa, wani ya faɗa a rediyo, a wayi gari babu mai iya kamo ta.

Ba ta ce komai ba. Ta kwana tana yi wa tabon alama ɗaya bayan ɗaya, wanda yake da girgije a gefensa da wanda ba shi da shi. Matata ta dafa mata shayi wajen ƙarfe ɗaya. Da asuba ta nuna mini: mafi yawan tabon da ke nesa da kogi inuwa ce.

A ofishin Dokta

Ranar Alhamis ta riga kowa isa. Yadda ta ba ni labari, ta ajiye masa hotunan biyu ta ce, "Dokta, lambar da na aiko ba daidai ba ce, ga dalili." Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce ta ba shi littafin. Ya bi shafukan har ya kai gefen da ta yi rubutun Hausa, ya tambayi ma'anarsa, ta faɗa masa. Ya ce shi ma taswirar kawai ya duba, bai buɗe hoton asali ba, kuma ya kamata ya buɗe.

Sannan ya fito da matsala ta biyu, wadda daga ni har ita ba mu lura da ita ba, duk da ni labarin ƙasa nake koyarwa. Janairu rani ne, Yuli damina. Ko da babu wanda ya haƙa sabon rami ko ɗaya, a Yuli kogi ya cika ya fantsama, fadamu sun ɗauki ruwa, tsofaffin ramukan da suka ƙafe a rani sun sake cika. Gwada waɗannan watanni biyu auna damina ne, ba auna galamse ba. Umarnin neman hoto mafi sabunta daga wurinsa ya fito, ya kuma amsa hakan a gabanta.

Ya ce kada ta fasa gabatarwar Juma'a, ta nuna kuskuren kansa. Haka ta yi. Ta sa taswirar farko, ta sa hoton gizagizai da inuwoyinsu, ta bayyana yadda abin ya auku. Ta ce muryarta ta yi rawa a farko. Da aka tashi, wani ɗan horo da ke aiki a kan bakin teku ya same ta ya ce ta zo ta duba nasa, domin shi ma da wannan shafin ya yanke girgije.

Gyaran

Mako uku suka rage, kuma a cikinsu ne ta koyi aikin da gaske. Ta koma ta gwada rani da rani: Janairun 2018 da Janairun 2019. Maimakon hoto ɗaya, ta tara duk hotunan da aka ɗauka a tsakanin Disamba da Fabrairu na kowace shekara a Google Earth Engine, dandalin intanet na sarrafa hotunan tauraron ɗan adam, ta sa kwamfuta ta zaɓi matsakaiciyar ƙimar kowane ɗigo. Girgije da inuwarsa ba sa tsayawa wuri ɗaya, yau suna nan jibi suna can, don haka matsakaiciyar takan watsar da su, rami kuwa yana nan daram. Rani ma yana da nasa cikas, ƙurar hunturu tana dusashe hoto, shi ya sa tara hotuna da yawa ya fi dogara da guda.

Ta kuma gano cewa lissafin farko yana da wani rauni ta ɗaya gefen. Ruwan ramin galamse ba garau yake ba, laka ce ta dame shi ya koma kamar kunu, kuma irin wannan ruwa yana mayar da ɗan infirared, sai lissafin ya tsallake wasu ramukan gaske. Wato taswirarta ta farko ta ƙirga abin da babu, ta kuma bar wani abin da yake akwai. Dokta ya nuna mata ta sauya zuwa wani ɓangaren infirared mai tsawon zango, wanda ko ruwa mai laka yana shanye shi, duk da ɗigonsa mita 20 ne, bai kai na farko kaifi ba.

Don ta ga abin da ke faruwa a damina ba tare da jiran sama ta washe ba, ta ɗan taɓa hotunan Sentinel-1. Shi rada ne, da kansa yake aiko da igiyar rediyo mai tsawon kimanin santimita biyar da rabi, wadda take ratsa girgije dare da rana. Ruwan da ke kwance lumui yana karkatar da igiyar gefe kamar madubi, sai ya fito baƙi. Ba ta ƙware a kansa ba, mako ɗaya bai isa ba, amma ya ishe ta ta tabbatar cewa wuraren da ta zarga babu ruwa a cikinsu. A ƙarshe ta zaɓi wurare da dama a warwatse, ta duba kowanne da ido a hotunan Google Earth masu kaifi, ta rubuta nawa lissafinta ya dace, nawa ya kuskure.

Sabon sakamakon bai da armashin na farko. Ramuka sun ƙaru a wasu lanƙwasoshin kogin, a wasu wurare babu canji, kuma jimillar ƙarin ta yi ƙasa sosai da abin da ta aika ranar Litinin. A rahotonta ta ware shafi guda ta faɗi abin da aikin bai iya gani ba: ƙananan ramukan da ba su kai ɗigo ɗaya ba, haƙar da ake yi a ƙarƙashin inuwar itatuwa, injinan canfan da ke yawo a kan ruwa suna tonon ƙasan kogi, da sinadarin makuri da ake kama zinare da shi, wanda babu tauraron da zai nuna shi. Ta kuma rubuta cewa ba ta taka wurin da ƙafarta ba.

A ganina wannan shafi ya fi taswirar daraja. Kuma da babu littafin nan, da ba a kai gare shi ba. Da za ta tsaya tana cewa ina jin na yi kaza, ban tuna ko na yi kaza ba, Dokta ya rasa inda zai kama, ita kuma tsoro ya ci ƙarfinta. Rubutun ne ya sa ta iya nuna layin da abin ya karkace a cikin dare ɗaya. Ina kuma ganin masu kula da 'yan horo suna da nasu rabon. Sakamakon da ya zo da girma fiye da zato shi ya fi cancantar a sake dubawa kafin a yaba, domin yabon da ya zo da wuri shi ne ya kusa ɗaure mata baki. Dokta ya gyara wannan da ya ɗauki nasa kason laifin a fili, kuma ba kowane babba ne yake iya yin haka a gaban ɗaliba ba.

Kuntunse da kwanakin ƙarshe

A makon ƙarshe aka kai su ziyara Kuntunse, a hanyar Nsawam, inda wani katafaren faifan kama igiyar rediyo mai faɗin mita 32 yake. Da can na sadarwar tarho ne, aka mayar da shi na'urar sauraron igiyoyin rediyo daga taurari da taimakon injiniyoyin Afirka ta Kudu, Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da shi a watan Agustan 2017. Ghana ce ta fara kammala irin wannan sauyi a cikin ƙasashen Afirka takwas da ke haɗin gwiwa da Afirka ta Kudu a babban shirin SKA na gina katafariyar na'urar sauraron taurari. A nan ta samu ƙarfen da ta zo nema tun farko. Ta dawo tana ba ni labarin ƙafafun da faifan yake juyawa a kansu, da injinan da ke bin tauraro a hankali yayin da duniya take juyawa. Amma abin da ta fi daɗewa a kai shi ne yadda masu aikin suke fama da siginar wayoyi da na'urorin mutane da ke kutsawa cikin abin da suke saurare, da yadda suke tantance wanne ne daga sama, wanne ne daga maƙwabta. Ta ce tana jin bayanin ta tuna da inuwoyinta.

Ranar Juma'a 9 ga Agusta ta miƙa rahoto. Dokta ya nemi ta bar masa kwafin littafin don 'yan horon baɗi. Sai da ta zauna ta fassara maganganun Hausar da ke gefe-gefe. Shafin nan na "inuwa fa?" ta bar shi yadda yake, ta rubuta ma'anarsa a ƙasa.

Sallah ta kama ranar Lahadi. Da yamma, ana suyar naman layya, Hajiya ta ce kishiyarta ta yi wata biyu tana kallon ƙasar mutane daga sama, ita ba a nuna mata gidanta ba. Yarinyar ta ɗauko kwamfuta ta nemo hoton Accra na rani. Ta nuna mata teku, ta nuna filin jirgin Kotoka, ta gangaro kan babban masallacin Kanda da ake ginawa, ta bi titin Nima da yatsa har ta tsaya a wani wuri da rufin kwano ya cakuɗe da juna. Ta ce, "Hajiya, ga mu nan, ɗigo huɗu ko biyar ɗin nan." Hajiya ta matso da fuskarta, ta daɗe tana kallo, ta tambaya ko ta tabbata ba gidan maƙwabta ba ne. Yarinyar ta ce ba za ta rantse ba, sai ta ƙirga daga kwanar masallacin lungu. Suka ƙirga tare, ɗigo bayan ɗigo, ya zamana ta matsa da gida ɗaya.

Ranar Laraba na raka ta tasha da ƙullin soyayyen nama na mahaifiyarta, ta hau motar Kumasi.